Kyanwa mai ciwon suga: yadda ake mata allurar insulin da gwajin jini a gida

Kyanwar da ciwon suga ya kama ba ta ɓoye alamunta. Za ka ga ta tare a gindin randa ko bakin famfo tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsarinta ya yi yawa har kiyashi na taruwa inda ta yi, tana cin abinci kamar ba gobe amma ƙashin bayanta na fitowa. Idan abin ya daɗe, ƙafafun baya sukan yi rauni, ta koma taka ƙasa da dunduniya. An fi ganin ciwon a kyanwar da ta haura shekara bakwai, mai ƙiba, kuma muzuru ya fi mace kamuwa.

Kafin a taɓa sirinji sai likitan dabbobi ya tabbatar da ciwon. A Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Gwajin jini sau ɗaya ba ya wadatarwa, domin tsoro kaɗai kan ɗaga sugan kyanwa lafiyayya ya kai 250 ko fiye, musamman wadda aka ɗauko a kwali a bayan babur. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin fitsari, in da hali kuma a yi gwajin furuktosamin, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kimanin mako biyu da suka wuce, kuma firgicin rana ɗaya ba ya canza shi.

Lambobin da ake aiki da su kaɗan ne. Sugan kyanwa lafiyayya yana tsakanin 80 da 120 mg/dL, ma'aunin da na'urar gwajin suga ke nunawa. Sai ya haura wajen 250 zuwa 290 ƙoda ke fara zubar da shi a fitsari, daga nan ƙishirwa da yawan fitsari suke farawa. Ga wadda ke kan insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, abin nema shi ne ta wuni tsakanin 80 da 300, kuma mafi ƙanƙantar lambar yini ta tsaya tsakanin 80 da 150. Ƙasa da 60 haɗari ne na gaggawa. Idan na'urarka tana nuna ɗaya ma'aunin, mmol/L, ninka lambar sau 18: 5 ya zama 90, 15 ya zama 270. A duba wannan tun ranar farko, don an sha karanta 14 a ɗauka suga ya faɗi warwas alhali 252 ne.

Wane insulin, wace sirinji

Jikin kyanwa yana ƙone insulin da sauri fiye da na mutum ko kare. Saboda haka Mixtard da Insulatard, waɗanda suka fi samuwa a kemis-kemis na Sabon Gari da Tudun Wada, ba su dace da ita ba: suna sauke suga da ƙarfi, su ƙare tun kafin awa 12 ta cika, sauran yinin kuma suga ya koma sama. Waɗanda likitocin dabbobi suka fi amincewa da su biyu ne, gilajin da ake sayarwa da sunan Lantus, da ProZinc wanda aka yi don dabbobi. Akwai Caninsulin, shi ma na dabbobi ne, yana aiki, sai dai a kyanwoyi da yawa ƙarfinsa ba ya kai awa 12. A nan Lantus ya fi sauƙin samu tunda maganin mutane ne. A karanta kwalin da kyau, domin Toujeo ma gilajin ne amma yuniti 300 ne a kowane ml, ninki uku ke nan na Lantus mai yuniti 100. Ƙwayoyin suga na mutane irin su metfomin ba sa maye gurbin allura, kada a ɗebo na dattijon gida a ba ta.

Wani kuskure mai iya kashe kyanwa a sirinji yake. In aka cire Toujeo, waɗannan insulin iri biyu ne ta fuskar ƙarfi: U-100, mai yuniti 100 a kowane ml, kamar Lantus, da U-40, mai yuniti 40 a ml, kamar ProZinc da Caninsulin. Kowanne da sirinjinsa. Ta U-100 yawanci murfinta ruwan lemo ne, ta U-40 ja, amma a dogara da rubutun jikin sirinjin, kada a dogara da launi. Layi ɗaya a sirinjin U-40 ya ninka layi ɗaya na U-100 sau biyu da rabi a yawan ruwa. To, idan ka ja Lantus zuwa layi na 2 a sirinjin U-40, yuniti 5 ka ɗiba, wanda zai iya kwantar da kyanwa mai kilo huɗu cikin 'yan awanni. Idan kuma ka ja Caninsulin zuwa layi na 2 a sirinjin U-100, abin da ya shiga bai kai yuniti ɗaya ba, 0.8 ne, sai a yi ta ƙara magani ana cewa ba ya ji. Ranar da aka samo sirinjin da ta dace aka ja wancan adadin da aka saba, sai ya yi mata yawa. In dole ta sa a yi amfani da insulin U-40 a sirinjin U-100, ana ninka adadin sau 2.5, wato yuniti 2 ya zama layi na 5, kuma likita ne zai rubuta lissafin a takarda a manna a jikin firji. Sirinjin allurar yau da kullum ta 2 ml ko 5 ml ba ta da wuri a wannan aiki ko kaɗan.

Nemi sirinji ƙarama mai 0.3 ml, wadda ke da layin rabin yuniti, da allura siririya lamba 29 zuwa 31. Lantus yakan zo cikin abin allura mai siffar alƙalami, wanda ke juyawa yuniti ɗaya-ɗaya, ba ya ba da rabi, don haka mutane da yawa sukan ɗauke shi a matsayin kwalba, su zuƙo maganin da sirinjin U-100 ta robar bakinsa. Kada a tura iska cikin alƙalamin, kuma kada a sirka gilajin da ruwa ko wani magani, sirkawa na ɓata shi.

Ajiya a garin da wuta ba ta da tabbas

Insulin na son sanyin digiri 2 zuwa 8. A sa shi a tsakiyar firji cikin kwalinsa, nesa da bangon baya inda yake daskarewa, kuma ba a ƙofa ba. Wanda ya taɓa daskarewa ya mutu, ko da ya narke ya yi kyau a ido. Kamfanin Lantus ya ce bayan an fara amfani da shi yana yin kwana 28 a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Matsalar ita ce daga Maris zuwa Mayu ɗaki mai rufin kwano a Zariya yana wuce haka nesa ba kusa ba.

Idan an ɗauke wuta, kada a riƙa buɗe firji. Idan ta daɗe, a sa maganin a kula tare da ƙanƙara, a naɗe shi da tsumma ko a sa kwali tsakani don kada ya taɓa ƙanƙarar. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex, tana taimakawa sosai a lokacin hunturu da bazara da iska ke bushe. Ba ta kai sanyin firji, amma tana iya riƙe magani ƙasa da digiri 30. Da damina, da iska ta cika da laima, ƙarfinta yana raguwa. A sa maganin cikin roba mai murfi don kada ruwa ya shiga.

Lantus garau yake kamar ruwa. Da zarar ya yi hazo ko an ga ɗigo-ɗigo a ciki, a yar. Ba a girgiza shi. ProZinc fari ne, ana murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗu. Caninsulin kuwa ana girgiza shi sosai sai ya zama kamar madara bai ɗaya. Rubuta ranar buɗewa a jikin kwali. Alƙalami ɗaya yuniti 300 ne, kyanwar da ke karɓar yuniti 2 a rana ba za ta cinye shi da wuri ba, saboda haka a tambayi likita tsawon lokacin da za a ci gaba da shi idan firji ya riƙe shi da kyau.

Adadin farawa da yadda ake allurar

Ana farawa da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin yuniti ga kowane kilo, sau biyu a rana, kuma ana lissafi da nauyin da ya kamata ta kasance, ba nauyin ƙibarta ba. Kyanwa mai kilo 4 ke nan tana farawa da yuniti 1, ba a wuce 2 a farko komai tsayin sugan. Tazara awa 12 ce. A nan abin ya zo da sauƙi: ƙarfe 6:30 na safe da 6:30 na yamma, kusan fitowar rana da magariba a yawancin shekara. Jinkirin awa ɗaya ba ya ɓata komai. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, in kuma biyu ne, duk wanda ya yi ya sa alama a littafi nan take. Allura biyu a lokaci guda, maigida ya yi uwargida ma ta yi, tana cikin manyan dalilan faɗuwar suga.

Ajiye mata abinci tukuna, ka ga ta fara ci. Ja maganin ya ɗan wuce adadin, ɗaga sirinjin allura na kallon sama, ɗan ƙwanƙwasa da farce kumfa ya hau, sannan ka tura har gefen baƙar robar da ke kusa da allura ya daidaita da layin. A yuniti ɗaya, kumfa guda na iya cinye rabin maganin, don haka a yi wannan a wuri mai haske. Kama fatar gefen ƙirji ko gefen ciki da yatsu biyu ka ɗaga ta kamar tanti, soka allurar a gindin tantin a kwance da jiki, tura maganin gaba ɗaya, zare, sannan ka shafa gashin wurin ka ji ko ya jiƙe. Ba a buƙatar goge wurin da sifirit, zafi kawai yake ƙarawa. A riƙa sauya gefe, yau dama gobe hagu, don kada fatar ta yi kanta ta daina tsotse magani daidai.

Idan gashin ya jiƙe, ko ta zabura ba ka san nawa ya shiga ba, kada ka sake. Jira lokaci na gaba. Suga ya yi sama na awa 12 ba zai yi mata illa ba, allura biyu kuwa na iya kashe ta. Sirinji sau ɗaya ake amfani da ita, bakinta na dakushewa. A tara tsofaffin a jarka mai kauri da murfi, nesa da yara.

Idan ta ƙi ci, auna suga kafin komai. Ga mai farawa, ƙa'ida mai aminci ita ce in ya gaza 150 kafin allura, a dakata a kira likita. In yana sama sosai amma ba ta ci ba, likitoci kan ce a ba da rabi. Kyanwar da ta wuni ta kwana ba ta ci ba asibiti za a kai ta, domin yunwa na taɓa hantar kyanwa da sauri, musamman mai ƙiba.

Abinci

Ragowar tuwo, shinkafa, burodi da taliya su ne abincin yawancin kyanwoyin gidajenmu, kuma su ne ke hana suga sauka. Kyanwa maciyiyar nama ce. Abincin gwangwani na kyanwa mai ƙarancin sitaci ya fi busasshen ƙwaya-ƙwaya. Inda babu shi, dafaffen naman kaza, zuciya, kifi da aka cire wa ƙaya da dafaffen ƙwai suna yi, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, waɗannan biyun suna lalata jininta. Tsoka zalla na tsawon watanni tana barin ta da ƙarancin sinadarin ƙashi, don haka likita ya tsara abin da za a ƙara.

Sauya abinci yana rage buƙatar insulin, wani lokaci cikin kwana biyu ko uku. Kyanwar da ke karɓar yuniti 3 tana cin shinkafa, aka mayar da ita kan nama aka bar adadin yadda yake, tana iya faɗuwa. A yi sauyin a hankali cikin mako guda, ana gwaji kullum.

Gwajin jini a kunne

Na'urar gwajin suga ta mutane, irin Accu-Chek, tana aiki, sai dai takan nuna lamba ƙasa da gaskiya a jinin kyanwa, domin kusan duk sugan kyanwa a ruwan jini yake, na mutum kuwa kaso mai yawa na cikin jajayen ƙwayoyin jini. AlphaTRAK an saita ta don dabbobi, amma tsinkenta, wato siririn abin da ake sa wa ɗigon jini, na da tsada da wuyar samu. A tsaya kan na'ura ɗaya, a gaya wa likita wacce ce. Tsinken gwaji yana lalacewa da zafi da laima, a rufe robarsa da zarar an zaro ɗaya.

Haska tocila ta bayan kunne za ka ga siririyar jijiya tana bin gefensa. Ɗumama kunnen na minti ɗaya da shinkafa ɗanya da aka ƙulla a safa aka ɗan ɗumama, ko da tsumma mai ɗumi. Da sanyin hunturu kunne mai sanyi ba ya ba da jini. Shafa basilin kaɗan don jinin ya taru ya zama ɗigo, kada ya bi gashi. Sa tsinke a na'ura, riƙe auduga a cikin kunnen don kare yatsanka, soka ƙaramar allurar gwaji tsakanin jijiyar da bakin kunne, ka ɗan murza daga gindi zuwa sama. Taɓa bakin tsinken da ɗigon ya zuƙa da kansa, sannan ka danne wurin da auduga na rabin minti. Kwanakin farko sukan yi wuya, bayan mako biyu kunnen kan saba da ba da jini. Ɗan yankin kaza bayan kowane gwaji yana sa ta daina gudu. Tafin ƙafa ma ana iya sokawa idan kunne ya gagara.

Lamba ɗaya ba ta isa a canza magani da ita. Bayan kwana 7 zuwa 14 a kan adadi guda, a ware yini ɗaya a bi sugan daga allurar safe zuwa ta yamma: kowane awa 2 ga Caninsulin da ProZinc, kowane awa 3 zuwa 4 ga Lantus. A yi a gida, rana irin ta kullum, da abincin da ta saba. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba da lokacin da ta zo.

Ɗauki misali. Ƙarfe 6:30 an samu 340, 9:30 an samu 260, 12:30 an samu 190, 3:30 an samu 230, da yamma 320. Maganin na aiki, amma ƙasan, wato mafi ƙanƙantar lambar, bai sauko zuwa 150 ba, likita zai iya ƙara rabin yuniti a sake jira mako guda ko biyu. Wani misalin: safe 410, tsakar rana 62, yamma 390. Wanda ke gwaji safe da yamma kawai zai ce magani ya yi kaɗan ya ƙara, alhali ya yi yawa ne: suga ya faɗi, hanta ta saki ajiyarta don ceton rai, lambar ta yi tsalle. Nan ragewa ake yi. Duk lokacin da ƙasan ya gaza 80, a rage rabin yuniti zuwa ɗaya. Idan kuwa ƙasan ya yi kyau amma ya zo da wuri, bayan awa uku ko huɗu, sannan suga ya koma sama tun azahar, maganin ne ba ya daɗewa, sauya iri ya fi ƙara adadi.

Littafin rubutu ya ƙunshi ranar, lokaci, lambar suga, yuniti nawa, abin da ta ci. A auna ruwan da aka zuba mata da safe da abin da ya rage washegari. A zafin bazara kowace dabba na ƙara sha, amma wuce ml 100 ga kowane kilo a rana ba na zafi ba ne. A auna nauyinta kowane mako: hau sikeli da ita, sauka ka hau kai kaɗai, ka cire. Kyanwar da shan ruwanta ya ragu, nauyinta ya tsaya, tana wasa, tana kan hanya ko da lambobin ba su yi kyau sosai ba.

Idan suga ya faɗi

Alamun su ne kasala ta farat ɗaya, tangaɗi kamar mai maye, ƙwayar ido ta buɗe, kuka ba dalili, karkarwa, sannan jijjiga da suma. Wasu kyanwoyin ba sa nuna komai sai abin ya yi nisa. In tana iya ci, ba ta abinci nan take. In ba ta iya, lakato zuma da yatsa ka goga a dasashinta, kimanin ƙaramin cokalin shayi bai cika ba ga mai kilo 4, ko garin gulukos da aka dama da ruwa kaɗan ya yi kauri. Kada a ɗura wa wadda ta suma ruwa a baki, huhu zai tafi. Sake gwaji bayan minti 15 zuwa 20. Zuma na ɗaga suga na ɗan lokaci ne, insulin kuwa yana nan yana aiki na awanni, don haka a kai ta wurin likita ko da ta farfaɗo, kuma kada a yi allura ta gaba sai da izininsa. Kwalbar zuma ta zauna kusa da kayan allura kullum.

Kishiyar wannan ita ce taruwar kiton a jini, wata guba da jiki ke fitarwa in ya koma ƙona kitse, idan insulin ya yi ƙaranci na kwanaki ko wani ciwo ya shigo. Za ta daina ci, ta yi amai, ta kwanta, jikinta ya bushe. Ana gane shi da tsinken gwajin fitsari mai nuna kiton. In ya nuna fiye da ɗan alama, ko ya nuna ko kaɗan tare da ƙin ci, wannan aikin ƙarin ruwa ne a asibiti, ba ya jiran gobe.

Idan magani ya ƙi ji, da idan ya daina zama dole

Kyanwar da ta kai yuniti 1.5 ga kowane kilo a kowace allura kuma suga bai sauka ba, a fara da abu mai sauƙi: maganin ya sha zafi ne, sirinjin daidai take, allurar na shiga ƙarƙashin fata kuwa, wani a gida na ba ta tuwo a ɓoye? Sai a duba ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Allurar dezametazon ko furedinisolon da ake yi don ƙaiƙayi, da allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi wa kyanwa, duk suna hana insulin aiki, har suna iya jawo ciwon tun farko. Akwai kuma ƙari a gindin ƙwaƙwalwa mai sa sinadarin girma ya yi yawa. Irin wannan kyanwar takan ƙara nauyi duk da suga na sama, fuskarta da tafukanta su yi faɗi.

Kyanwoyi da dama da aka fara wa magani da wuri, aka gyara musu abinci, sukan kai matsayin da ba sa buƙatar insulin, galibi a watannin farko. Alamar ita ce lambar kafin allura ta fara sauka zuwa 150 ko ƙasa, fitsari ya daina nuna suga. Lokacin ne faɗuwar suga ta fi aukuwa, domin jikinta ya dawo yin nasa ana kuma ƙara mata. Likita zai riƙa rage rabin yuniti duk mako ɗaya ko biyu har a tsaya. Bayan an daina, abincin nama ya ci gaba, a kiyaye ƙiba, a riƙa gwaji sau ɗaya a mako na watannin farko, domin ciwon na iya dawowa, musamman bayan allurar ƙaiƙayi ko wani rashin lafiya.